Ɗan Dutsen Niƙan Inna

"Mukhtaru, don Allah kada ka tafi!" na ce wa saurayina.

"Habibti, na riga na yi wa mai jirgi alkawari. Turawan suna Jidda suna jira..."

"Su je su kalli kifinsu su kaɗai mana! Kifin da ya haɗiye Annabi Yunusa ne abin kallo?"

Ya yi dariya. Aikinsa ke nan, kai baƙi cikin ƙaramin jirgin ruwa su ga manyan kifaye masu feso ruwa ta ka. Ni duk jirgin bai fi akushi ba a idona.

Kuma Inna Hajo, mahaifiyata, ta rantse ba za ta ba mutumin teku 'yarta ba. A Bahar Maliya zazzaɓi ya kashe Babana, muna tsallakowa daga tashar jirgin ruwa ta Sawakin zuwa aikin hajji, ina goye. Aka binne shi a wani tsibiri. Inna ta ɗora ɗan dutsen niƙan da ta ɗauko tun daga gida a kan kabarin, jirgi ya tashi. Ba ta ƙara kallon teku ba.

"In ya sake shiga ruwa, halas, magana ta ƙare, Zali," ta ce mini. "Ba zan aurar da ke ga takaba ba."

Ya tafi. Ranar dawowarsa ta wuce, shiru. Na daina cin abinci. Duk motar da ta shigo unguwarmu ta Jarwal daga Jidda sai na leƙa. Tsoro biyu nake ji: kada ya mutu, kada kuma ya dawo a kore shi.

Wata hantsi sai ga sallamarsa. Ya yi baƙi, leɓɓansa duk sun tsage. Ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Me ya kawo ka?" in ji Inna.

"Inna, na roƙi mai jirgi muka bi tsibiran nan ɗaya bayan ɗaya. Na samu kabarin Baba. Kunkuru na ta ƙwai a gefensa. Na share yashi, na yi masa addu'a."

Inna ta dafa bango.

"Dutsen fa?"

"Yana nan. Gefe guda ya ɓalle."

"A garin Fallomi ya faɗi, muna hanya..." in ji Inna. "Shi ne! Wallahi shi ne!"

Ta daɗe tana kuka kafin ta dube ni.

"Zali, tsaye za ki bar mijinki? Kawo masa ruwa."