Masu Kirarin Gandonu

Kowa a Kove ya san Gandonu, amma sai ka wuni a kasuwa ba ka ji an kama sunansa ba. Dillalin yazawa ne, kuma shi ne shugaban ƙungiyar ƙwallon garin, Kunamun Kove. Shekarar da ƙungiyar ta faɗo rukuni na biyu ya gane cewa ba shi da kowa.

Da aka buɗe cinikin 'yan wasa da damina, mai tsaron raga ya tattara ya yi Kwatano. Ɗan wasan gaban da Gandonu ya tsinto a ƙauye ba takalmi ya daina ɗaukar wayarsa. Duk wanda ya nema sai ya ce zai yi shawara da matarsa. Wani har gida ya zo, ya cinye kaza guda da jan tuwon masara, washegari aka gan shi sanye da rigar wata ƙungiya.

Wannan duk da sauƙi. Tosu, ɗan acaɓa kuma jagoran magoya baya, ya sa kafinta ya haɗa akwatin gawa, aka rubuta sunan Gandonu a jiki. Suka zaga kasuwa da shi da badujala, mata na kukan ƙarya, sannan suka binne shi bayan raga. Tosu ya tsiyaya barasar sodabi a kan kabarin ya ɗaga murya: "Jama'a, mutumin nan ya mutu. Wanda muka binne kuwa ba ma kiran sunansa. Daga yau marigayi ne. Duk wanda ya kama sunansa, bakinsa ya ruɓe!" Kowa ya kurɓi barasar ya rantse.

Gandonu na cikin mota yana kallo, zuciyarsa na tafasa. Ƙungiyar ma ta fita ransa. Abu ɗaya yake so a duniya, ya ga Tosu ya gane kurensa.

Da tsakar rana ya isa gidan boka Dah Loko, can bayan gonakin kwakwar manja. Ganyen kwakwa aka rataye a ƙofar, ya bushe ya yi baƙi.

"Cire riga," in ji tsohon daga ciki. "Abin nan ba ya son ganin maɓalli."

Ɗakin ba taga. A tsakiya akwai tudun yumɓu da ya sha manja da jini har yana ƙyalli, gashin kaji ya manne masa, an soke shi da ƙarafa masu tsatsa. A samansa tukunya ce rufe da ƙoƙon kan kare. Ƙudaje sun cika ɗakin, amma ko ɗaya ba ya sauka a kan tukunyar.

"Me ya kawo ka, Shugaba?"

"Kuɗi, Dah. Irin wanda duk ɗan wasan da na nuna da yatsa zai biyo ni."

"Idonka ba na mai neman kuɗi ba ne."

"Ina so waɗanda suka binne ni su tono ni da bakinsu."

Dah Loko ya watsa wuri a ƙasa, ya daɗe yana dubawa. "Zai ba ka. Amma yana ci."

"Rago? Sa?"

"Ka ga alamar ya yi kama da mai cin naman dabba? Duk ranar da ƙungiyarka ta ci wasa, shi ma zai ci. Mutum ɗaya zai ɗauka cikin masu yi maka kirari."

Gandonu ya hango filin wasa cike, Tosu a gaba da ganga yana rera sunansa. Dariya ta kuɓuce masa. "Ɗaya kacal? Dah, roƙar mini shi ya riƙa ɗaukar biyu."

"Je ka gida ka yi tunani."

"Na gama tunanina a bakin kabarina."

Tsohon ya tsaga masa ƙarƙashin harshe da aska, ya ɗaga ƙoƙon kaɗan ya ce ya tofa. Gandonu ya tofa. Ya ji wani abu a cikin tukunyar ya haɗiye.

Kafin ruwa ya ɗauke, yazawa ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba, kuma a rumbunansa kaɗai take. Motocinsa suka cika hanyar Kwatano. Waɗanda suke shawara da matansu suka zo suna layi a ƙofarsa, ya kore su, ya sayo 'yan wasa daga Lome da Legas. Wasan farko Kunamu suka zuba uku a raga.

Filin ya ɗauki waƙa. Gandonu ya kasa kunne, ya ji sunan koci, ya ji na mai tsaron raga, har na mai ɗibar ruwa. Nasa bai fito ba. Tosu ya wuce ta gabansa yana cewa abokansa, "Allah ya ji ƙan marigayi, ya bar mana gado mai daɗi!" Ashe Gandonu bai san mutanen garinsu ba. Ɗan Kove zai ci abincinka ya yi rawa, amma rantsuwar da ya yi a kan kabari ba ya warware ta.

A ƙofar gida gwaggonsa Nasi ce ta tarbe shi, tsohuwar da ke riƙe da kirarin zuriyarsu. Ta zuba ruwa a ƙasa, ta jero masa kakanninsa ɗaya bayan ɗaya har idonsa ya ciko. Da safe aka same ta zaune a kujera, bakinta a buɗe, harshen ya yi baƙi. Ya ce tsufa ne.

Ɗansa Sagbo ya ji haushin wulaƙancin da ake yi wa ubansa, sai ya je wasa na gaba da lasifika, ya yi ta yi masa kirari shi kaɗai. Aka ci wasan. Sagbo ya yanke jiki ya faɗi a kan matakala, harshensa baƙi ƙirin.

Nan Gandonu ya gane. Ya hana kirari a gidansa, amma matarsa Ahuefa ta riga ta zautu da mutuwar ɗanta. Tana zaune tsakar gida tana rera waƙar da aka yi musu ranar aure, cike da sunansa. Da hannunsa ya ɗaure mata baki da ɗankwali, tana ta gunjin waƙar ta hanci. Nasara ta gaba ta tafi da ita.

Saura 'yarsa Sena, wadda tun tana rarrafe take gaishe shi da kirarin da ta koya a cinyar Nasi. Ya koma wurin boka a guje.

"Ba a rufe tukunyar nan," in ji Dah Loko. "Ka kawo masa wasu bakunan, ko ya ci wanda ya sani."

Gandonu ya ba mai tsaron ragarsa babur don ya saki ƙwallo, ta riƙa bugun turke tana dawowa, aka tashi canjaras. Wasa ɗaya ya rage, wanda in an ci za a koma rukuni na ɗaya. Sai ga Gandonu a tashar 'yan acaɓa, gwiwa biyu a cikin taɓo gaban Tosu.

"Yayana, sabon babur ga kowane ɗayanku. Sau ɗaya kawai ku rera sunana."

Tosu ya dube shi sama da ƙasa. "Kai da ka ɗaure bakin matarka don kada ta rera shi, ka zo saye a tasha? Gawa uku, duk masu kiranka. Wato mu ka yi niyyar kaiwa."

"Tosu, 'yata ce ta rage."

"Mu ma muna da 'ya'ya." Ya juya ga sauran. "Kun ji kamar ana magana? Ni dai ban ga kowa ba."

Ranar wasan Gandonu ya tsallaka tsakiyar fili ba riga, yana dukan ƙirji yana yi wa kansa kirari har muryarsa ta dishe, yana roƙon abin ya ɗauke shi. Jama'a suka zuba masa ido, ba wanda ya taya shi. Kunamu suka ci da ɗaya mai ban haushi. Ya tsaya yana jiran mutuwa, sai maƙwabciyarsu ta ratso taron hannu a ka, tana kiran sunan Sena.

Shi abin bai taɓa shi ba, don ba ya cin mai ciyar da shi. Har yau yana yawo a Kove cikin tsumma yana rera kirarinsa, mutane na kauce masa. Ni ba na jin tausayinsa, na Sena nake ji. Kai kuma da kwaɗayi da ƙullatar mutane suke jan ka zuwa gidan boka, ka sani babu bokan da zai aika abinsa gidan maƙiyinka. Gidan da ya san hanyarsa naka ne, kuma da masu ƙaunarka zai fara.