Ƙofar da Ba a Ja wa Shuɗi Ba

Gab da magariba na hau saman bene da shayin Kawu Fikri. Iskar teku na kaɗa shanya, hayaƙin masu gasa masara na tasowa daga titin Muharram Bey.

Kawu yayan mahaifiyata ne, a hannunsa nake tun rasuwarta. Ya tsufa a aikin jirgin ƙasa, da ya bari sai ya gina nasa a ɗakin sama: layin dogo a kan tebur, tashoshi, da gidajen kwali da ba su wuce tafin hannu ba. Hannunsa ya soma rawa, don haka ni ke masa ƙananan fenti, gefen taga, ƙarfen baranda, mariƙin ƙofa. Buroshin siriri ne kamar gashin ido, sai na lashe bakinsa yake yin tsini.

Ladana zagi. Ni kuma ina ramawa da baiwar da Allah ya ba ni, don babu muryar da ba na iya kwaikwayo. In ya fita, sai in raba wa gidajen nan muryoyi, ina fenti ina dariya.

Tsohon da ya koya masa ginin gidajen kwali ya bar masa doka ɗaya: kowane gida a ja masa shuɗin layi a saman ƙofa kafin a kunna fitilar ciki. Na waje ba ya shiga, na ciki ba ya fita.

Gidan da na gama ranar, kwafin gidan da ya zauna da matarsa ne, Tanti Widad. Kullum in zai tafi aiki sai ya kulle ta ya sa makulli a aljihu. In ta yi magana ya ce, "Me za ki yi a waje?" A haka ta mutu. Da muryarta na yi fentin tagogin nan duka, ina lasar buroshi.

"Ke aku," ya ce da ya kurɓi shayin, "wannan ai ruwan wanki ne."

"Na gama tagogin, Kawu. Saura shuɗin."

"Wane shuɗi? Ƙofarmu koriya ce zalla. Ni ba na gina ƙarya."

"Ai kai ka ce..."

"Na ce ki rufe wannan dogon bakin."

Ya kunna fitilar cikin gidan. Ladan ya ɗaga murya.

Jirgin ya zaga teburin, ya zo daidai gidan, ya tsaya. Babu wanda ya taɓa shi.

Warin gam ya ɗauke. Ƙamshin soyayyar tafarnuwa ya cika ɗakin, irin wadda Tanti ke zubawa a miyar lalo.

"Fikri. Ka dawo?"

Marin Kawu ya same ni kafin in ɗago. Ya damƙe bakina da tafinsa har haƙori ya yanke mini leɓe.

"Da matacciya za ki yi mini wasa, 'yar banza?"

"Fikri. Buɗe mini."

Hannunsa na kan bakina.

Ya sake ni a hankali. Ni kaɗai na san abin da ya fi muni. Ba muryar Tanti ba ce. Tawa ce, yadda nake kwaikwayonta, har da 'yar dariyar da nake ƙarawa a ƙarshe.

Ya sunkuya, ya kafa ido a tagar.

Ƙofar kwalin ta buɗe. Ƙiii.

Sanyi ya fito. Fuskarsa ta manne da gidan kamar ana zuƙo shi. Ya laluba, ya cafke hannuna na hagu.

"Ja ni, 'yata," ya raɗa. Bai taɓa kirana haka ba.

Harshena ya soma nauyi, kamar an ɗaura masa zare ana ja.

"Ke ma shigo, Nagham," in ji gidan. Wannan karon da muryata ta gaske.

Ƙafafuna suka zame zuwa teburin.

Hannu ɗaya ya rage mini. Da na kama wuyan rigarsa, wataƙila da ya fito. Amma buroshi ke cikin hannun, kwalbar shuɗi kuma a buɗe.

Na tsoma. Ban lasa ba.

Na ja layin a saman ƙofar, ta gefen kuncinsa. Ban taɓa jan layi miƙaƙƙe haka ba.

Ƙofar ta rufe. Kawu ya zube ƙasa, jirgin ya ci gaba da tafiya.

Likita ya ce shanyewar jiki ce. Yana kwance yanzu, ido buɗe, yana haɗiye abin da aka ba shi, ba ya cewa uffan. Maƙwabta na sa mini albarka saboda jinya.

A tagar gidan kuwa akwai ɗan mutum da ban yi fentinsa ba, tafukansa biyu a kan gilashi. Da magariba nakan ji ana karce kwalin daga ciki. Sai in hau, in sabunta shuɗin in ya dushe, in sunkuya daidai tagar. Muryarsa ta fi kowace zama a bakina.

"Me za ka yi a waje?"