Furen da Ke Gindin Randa

"Wasiƙarsa ce kuma?"

Karima ba ta ɗago ba. Tana zaune a barandar gidansu na unguwar Takur a Dutse da tsohon cikinta, tana goge ganyen shukarta da jiƙaƙƙen ƙyalle.

"Ita ce. Buɗe ka karanta, Malam."

Mijinta Sharhabilu ya karanta. Babu komai a ciki sai zancen tsawon ganye da kaurin kara. Abin da ya fi ƙona masa rai ke nan: shafi biyu cur, bai sami kalma ɗaya da zai kama ba.

Okid ake kiran shukar. Daga Ibadan ta zo da ita, inda ta karanci aikin gona, kuma wani ɗan ajinsu mutumin Yola, Bubayero, ne ya ba ta. Jinsi biyu aka haɗa aka same ta, kamar mangwaro mai aure, amma takardar sunanta ta ɓace. Shekara uku ke nan ba ta yi fure ba. Bubayero ya dage cewa in ta yi, ruwan ɗorawa zai fito, domin ya san iyayenta daga ganye.

"Ya san iyayenta!" in ji Sharhabilu. "Ni da nake kwana gida ɗaya da ita ban sani ba, sai na Yola?"

"Kishi kake da ganye?"

"Ni? Allah Ya sawwaƙe!"

Ranar da za a kai Karima gidan iyayenta a Haɗeja goyon ciki, sai da ta sa ƙafa a mota ta sake fitowa.

"Ruwa sau ɗaya a kwana huɗu. Kada ta ga ranar azahar. Ka ji, masoyina?"

Ya ji. Ya kuma lura cewa shi ba a bar masa wasiyyar komai ba.

Kwana goma yana wuce shukar kamar bai san ta ba. Ran sha ɗaya ya tsuguna ya leƙa tukunyar. Gawayi ne da ɓawon kwakwa, ko ƙwayar ƙasa babu, saiwoyi a waje kamar yatsun mayunwaci.

Ya yi dariya shi kaɗai. Shi ɗan manomi ne, a gonar gero ya yi wayo a Garki. Wace shuka ce ke fure a kan gawayi? Ashe duk ilimin Bubayero ke nan!

Asabar ya je Garki ya ɗebo ƙasa mai kyau da takin awaki. Ya juye gawayin, ya binne saiwoyin, ya danna da tafin hannu. Ruwa safe da yamma. A ransa yana hango Karima ta dawo ta tarar da fure, ta dube shi, ta manta da hanyar gidan waya.

Karima ta haifi mace, aka sa mata Zara. Ya je suna, ya dawo ya tarar ganye biyu sun yi rawaya. Ya ƙara taki. Na uku ya faɗi.

Bayan arba'in ta dawo. Da jaririya a kafaɗa ta tsaya a baranda, ta dubi shukar. Sannan ta miƙa masa yarinyar, ta kifar da tukunyar. Wari ya tashi. Saiwoyin sun yi baƙi, suna narkewa a hannu.

"Abban Zara... da ka ce in yar da ita, da na yar."

"Wallahi ba kashe ta na yi niyya ba!"

"To me ka yi niyya?"

"Taki na sa mata! Takin gidanmu!"

"A jikin bishiya take rayuwa, iska take sha! Ka toshe mata hanci wata biyu!"

"Ke ma wata nawa kika yi kina kallonta, ni ina tsaye a bayanki?"

Ta juyo, idanunta sun kaɗa.

"Ka tuna ɓarin da na yi, kana kwas a Kaduna? Mako uku ba na iya tashi. Ba don abinci nake saukowa daga gado ba, don in ba ta ruwa ne. Bubayero tsiro ya ba ni mai ganye biyu. Sauran duk ni ce."

Bai taɓa tambaya ba. Wasiƙu yake ƙirgawa.

"Fure na so ki tarar," ya ce a hankali. "Nawa. Ba nasa ba."

Ta dube shi, da ƙasa a hannunta. Ba ta ce ta yafe ba.

"Kawo reza sabuwa. Ka dafa ruwa."

Shi ya riƙe, ita ta yanke. Duk saiwar da ta yi laushi ta tafi, har saura biyu, farare, gajeru. Ya fasa gawayi da kansa, ya wanke, ya jera.

"Zafin Dutse zai ƙarasa ta," in ji Karima. "Tana son laima, ba ta son jiƙa."

Ya ɗauki tukunyar ya nufi inuwar da randarsu take. Ya ɗora ta a kan bulo, kusa da yashin da ke shan zufar randa.

"Nan Dada take ajiye goronta, ba ya bushewa."

Dada mahaifiyarsa ce. Karima ta taɓa yashin, ta ji sanyi.

"Wannan kam ba a koya mana a Ibadan ba."

Wata biyar babu labari. Kullum kafin ya tafi sakatariya sai ya tsuguna, hannu a baya don kada ya taɓa buta. Da damina ta kankama, sabon kara ya ɓullo. Zara na rarrafe lokacin da furen ya buɗe.

"Karima! Fito!"

Fure huɗu, farare tas, leɓensu na ƙasa shunayya.

Ta ɗauko littafinta na makaranta, tana duba hoto tana duba fure.

"Ganyen na uwa ɗaya ne, amma leɓen nan na wani uban ne daban. Ba wanda Bubayero ya ce ba."

"Ba ruwan ɗorawa ba ne?"

"Kana gani."

"Wato... bai sani ba?"

"Bai sani ba."

Murmushi ya cika masa fuska har kunne.

"Rubuta masa yanzu, zuciyata. Shafi biyu! Ni zan kai gidan waya da ƙafata."

Ta jefe shi da ƙyallen goge ganye. Ya cafe, ya tsuguna, ya fara gogewa.