Kwalbar da Dujam Ya Wanke

Ranar da Zrinka ta fara ganin Dujam, sabon ma'aikacin ɗakin bincikensu, yana tsugune a gaɓar tekun garin Mali Ston yana kankare gansakukar dutse da buroshin haƙori.

"Bawan Allah, dutsen ma sai an yi masa asuwaki?"

"Ranki ya daɗe, zance za shi."

Ta yi dariya, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Shekara uku ke nan tana fama da wata diyatom, 'yar mitsitsiyar halittar teku mai kwanson gilashi, wadda sai da madubin bincike ake gani. Ta tabbata sabon iri ce, amma digirinta ba zai kammala ba sai ta zana cikinta tana raye. Ita kuwa 'yar rainin hankalin, sai watan Maris take fitowa, a jikin igiyoyin da mahaifin Zrinka ke kiwon kawa, wato dodon koɗin teku da ake ci.

Soyayya ta ƙullu. Mahaifinta, Baba Vlaho, ya ce atafau. "Mai goge dutse? A kai kasuwa!"

Maris ya zo, da ƙyar ta samu kwalba guda ta halittar, sai zazzaɓi ya kwantar da ita. Dujam, wai shi mai tausayi, ya dafa kwalbar kaf a ruwan asid, yadda suka saba wanke kwanso. Kwanson ya fito fes. Cikin kuwa ya narke.

"Rabin raina, hutar da ke na yi."

"Ka hutar da ni kam," ta ce. Ko kuka ta kasa, tsabar gajiya. "Shekara guda jami'a ta ƙara min, Dujam, daga ita babu wata."

Ya turo saƙo: "Zumata, na yi ɓarna da hannuna. Ba zan dame ki da ban haƙuri ba." Ba ta amsa ba. Kewarsa na cinta, amma ta daure.

Ashe Dujam gun Baba ya tare. Hunturu guda yana jan igiya cikin ruwan sanyi, yana shan faɗa, yana duba kowace igiya ranar Asabar.

Da Maris ya zagayo, wayarta ta yi ƙara, saƙon Dujam ne: "Ta fito. Kwalba tara. Wallahi ko murfi ban taɓa ba."

Baba ne ya kawo su da kansa. Ta ɗiga ruwan a gilashi, ta leƙa madubin. Ga ta nan tana tafiya a hankali, da ƙwayoyi biyu masu ruwan zuma a cikinta. Sai a lokacin kukan ya zo.

"Wannan ƙurar ce ta hana mu sakat?" in ji Baba da ya leƙa. "To, yaron nan wawa ne, amma ba ya gudu. Na ba shi."

Bayan Ista aka ɗaura aure a cocin garin. Baba ya dafa kawunansu. "Kun wahala, 'ya'yana. Allah Ya hutar da ku tare."