Agogon da Ya Daina Jin Yatsa

Bayan isha'i ne, ana yayyafi, ina rufe shagona na gyaran waya a Rano, sai wani mutum ya miƙo hannu.

"Uzairu, tun da ka sabunta min agogon nan ya daina jin taɓi. Caji ma ba ya riƙewa."

Wari ya buge ni kamar na mushe. Na daure na kwance agogon, fatar hannun ta biyo maɗaurin. Na taɓa gilashin, ya kawo haske. Mutumin ya taɓa, shiru.

Sannan na gane agogon. Na Zailani ɗan acaɓa ne, wanda rafi ya ci a hanyar Kibiya, ba a ga gawarsa ba.

Na goge agogon, na ɗaura masa a hankali. Ya juya ya tafi, ko sannu babu.