Ƙwayar da Yaya Ya Zuba a Masai

Babu ƙarar keken ɗinki a gidanmu yanzu. Wata bakwai ke nan da rasuwar mijina. Rigar da ya fara ɗinka min bai ƙarasa ba tana nan rataye a ƙusa, babu hannu ɗaya.

Ban yi karatu mai zurfi ba, yadda abin ya faru kawai zan faɗa.

Tela ne. Ranar da na fara kai masa ɗinki ya ce, "Ajiye awon nan, Kwastoma, ni idona tef ne." Rigar ta zauna min cif. Har ya bar duniya Kwastoma yake kirana.

Sai bayan aure na gane mutum biyu na aura. Wani lokaci ya tashi kamar an kunna inji, kwana uku ba barci, yana ɗinki yana waƙa, yana rantsuwa zai buɗe kamfani. Sai kuma ya faɗi, ya juya fuska bango sati biyu, ko gaisuwa ba ya amsawa. In ya hau, ya sha giya don ya sauko. In ya faɗi, ya sha don ya tashi. Na tsani warin nan! Sau nawa na wanke amai a kan yadin mutane, ina toshe hanci ina kuka? Amma shi ban taɓa tsanarsa ba.

Da ƙyar na lallaɓa shi muka je asibiti. Likita ta ce ciwo biyu ne suka haɗu: na ƙwaƙwalwa mai suna baifola, da giyar da jikinsa ya saba da ita, kowanne yana zuga ɗan'uwansa. Ta ba mu kati da magani, ta ce kada ya daina shan maganin sai da izininta. Wata biyar bai taɓa kwalba ba. Yana barci, yana tsokanata. A lokacin ya yanka rigar nan.

Wata Asabar da hantsi Yaya, wan mijina, ya zo tare da Inna, mahaifiyarsu. Yana neman almakashi a durowar keke, sai ya ci karo da ledar maganin.

"Iyye! Giyar ba ta isa ba, har da ƙwaya?"

"Yaya, magani ne," na ce. "Ga katin likita."

Ya duba, fuskarsa ta canja. "Inna, kin ga inda ta kai miki ɗa? Wajen mahaukata!"

Inna ta dafe ƙirji. "Ke 'yar nan, a danginmu? Ga Auta ko aure ba ta yi ba — wa zai ɗauki ƙanwar mahaukaci? Mashayi dai kowane gida akwai, ana shiryuwa."

Kun ji fa. Gara musu a ce ɗansu mashayi ne.

Mijina ya ce a hankali, "Yaya, ina jin daɗinsa fa..."

"Rufe min baki! Haka kowane ɗan ƙwaya yake cewa."

Ya yaga katin. Ya zazzage maganin a masai, ya kora ruwa, har da wanke hannu da sabulu kamar ya taɓa ƙazanta. Aka ce in tafi gidan iyayena "in huta", tunda ni ce mai ɗura masa ƙwaya. Mijina bai taɓa yi wa wansa musu ba. Ya rako ni bakin titi riƙe da jakata, ya ce, "Sati biyu, Kwastoma. Kafin ki dawo rigarki ta yi hannu."

Na yi ta kira, ashe Yaya ya karɓe wayar. Wata bai cika ba ciwon ya dawo, ya fi na da. Da rana tsaka ya fito daga shago da kwalba a aljihu, ya shiga titi yana cewa motoci za su tsaya masa. Babbar mota ba ta tsaya ba.

Na iske Yaya zaune cikin masu gaisuwa yana cewa, "Mun yi iya ƙoƙarinmu." Na zagaya baya na yi amai, na dawo na zauna.

Jiya Inna ta zo da kanta, duk ta rame. Ta zauna kusa da keken, ta daɗe tana murza gefen mayafinta.

"Auta ce," ta ce. "Kwana huɗu ba ta runtsa ba, sai surutu, sai dariya. Ta rabar da kayanta kaf. 'Yata... ƙwayar nan, a ina ake samu?"

Abin da ya zo bakina ba mai kyau ba ne. Na dubi rigar, na haɗiye shi.

"Magani, Inna. Ki ce magani."

Ta sunkuyar da kai. "Magani."

Yau da safe muka kai Auta asibiti. Ni na riƙe mata hannu, Inna ta riƙe sabon katin da hannu bibbiyu.

Ciwo ba abin kunya ba ne. Gudun surutun mutane ne ya raba ni da mijina, ba zan bari ya ci Auta ba.

Ku taya ni roƙo. Allah ya gafarta wa telana abin da ya sha, ya ba Auta lafiya, ya cire min ƙyamar da nake ji in na ga Yaya, don ni har yau na kasa. Ku ce amin.