Mamuda Bai Kai Tasha Ba

Ƙarfe tara da 'yan mintoci na safiyar wata Laraba, cikin daminar 2013, aka bugo wa Sufeto Lirwanu waya a ofishin 'yan sanda na Anka. An tsinci gawa a burtali, bayan Tungar Gawo, wani ƙauye da ke kusa da Dareta. Mai wayar ya ƙara da cewa har an kama wanda ya yi kisan.

Shekarar Sufeto ashirin da biyu cikin kaki. Duk ranar da aka ce masa an kama mai kisa tun bai ga gawa ba, ba ya tsayawa ƙarasa shayi.

Ya iske mutane sun fi ɗari a bakin wata gona. An ɗaure wani Bafulatani mai furfura a jikin itace, idonsa ɗaya ya kumbura har ya rufe. Dikko sunansa.

"Kai ka kashe shi?"

"Ranka ya daɗe, shanuna ne sunka tsaya sunka ƙi wucewa. Na ga mutum kwance, na tafi da ƙafata na faɗa wa mai gari. Wanda ya yi kisa shina zuwa kai ƙara?"

"Ka taɓa gawar?"

"Ko da sanda ban taɓa ba."

Sufeto ya tsuguna. Mamacin kowa ya san shi, Mamuda ne, mai haƙar zinare. Sabuwar shadda ce a jikinsa, ƙeyarsa a fashe. Jinin da ya zuba yana can taku biyar daga inda yake kwance. An ja shi zuwa inuwa, an kwantar da shi kan ɓarin dama yana fuskantar alƙibla, an rufe masa ido, an cire masa takalma an jera su gefe. Manyan yatsun ƙafarsa kuma an haɗa su an ɗaure da shuɗiyar igiyar leda, irin wadda mahaƙa ke ɗaure bakin buhun dutse da ita.

Sufeto ya ga aikin 'yan fashi iri-iri tun daga Gummi har Bukkuyum. Bai taɓa ganin wanda ya tsaya neman gabas ba.

"Wanda ya kashe mutumin nan ya san shi, kuma bai iya barinsa a wulaƙance ba," ya ce wa Kofur Nafi'u a hankali. "Kwance dattijon can ka kai shi ofis. Gawar kuma likita ya duba, a maido wa masu ita."

Bilyaminu, shugaban 'yan sa-kai na ƙauyen, ya tare motar da bindigarsa ta gargajiya a kafaɗa.

"Yallaɓai, aro munka ba ka. Da la'asar za mu rufe ɗan'uwanmu. In munka taso daga maƙabarta, caji ofis za mu, mu amshi mutuminmu."

'Yan sanda shida ne a ofis ranar. Sufeto ya dubi agogo, goma ta wuce.

Gidan Mamuda ya cika da mata. Sufeto ya yi sallama, ya tsaya daga bakin ƙofar ɗaki. Matar mamacin, Saude, tana zaune a kan tabarma ta lulluɓe kanta.

"Allah ya jiƙansa. Ina zai je da safen nan?"

"Gona, Yallaɓai. Tafiyar Abuja sai gobe Alhamis, kowa ya sani."

"Malama, ni ma ɗan manomi ne. Ba a sa sabuwar shadda da takalmi sau-ciki a tafi gona da damina."

Ta daɗe tana kuka kafin ta yi magana.

"Shi ya ce in ce Alhamis. Yau ce tafiyar."

Wasu masu kamfani ne suke son hayar gonarsu ta gado, inda aka ga zinare, suka ce Mamuda ya same su a ofishinsu na Abuja ranar Juma'a da ƙarfe goma. Shi kuwa tun da aka haife shi bai taɓa wuce Gusau ba. Wata guda ya yi yana shiri. Duk wanda aka ce ya taɓa zuwa Abuja, ko ga-ruwa ya yi a can, sai Mamuda ya saya masa shayi ya zaunar da shi.

"Takalman nan a ɗaka yake sa su yana kai da komowa, wai kada ya je yana ɗingishi gaban mutane," in ji Saude. "Har tambaya ya yi yadda ake shiga ɗakin nan mai hawa bene da kansa."

Ta miƙo wani yankakken kwalin sukari. Biyu ya rubuta da ajami, ya tafi da ɗaya, ya bar mata ɗaya, don in ya ɓace a san inda za a fara nema. Sufeto ya karanta.

Laraba, motar farko zuwa Gusau, kujerar gaba. Daga can a hau ta Abuja, a sauka Zuba, a tambayi Makau mai nama, mutumin Gummi, can ne masauki. Kada a ci abincin da ba a ga tukunyarsa ba. Alhamis, a je a ga ƙofar ofis da ido, a dawo. Juma'a, tun ba a zauna ba, a faɗa musu ban da kusurwar gabas inda yara suke.

"Waɗanne yara?"

"Na shekarar gubar dalma. Huɗu. Uku na Yaya Sufyanu, ɗaya tawa. A gonar anka rufe su."

Sufyanu shi ne wan Mamuda, uwa ɗaya uba ɗaya.

"Ya san da wannan layi na ƙarshe?"

"Wata biyu ba su magana, Yallaɓai. Tun ran da Yaya ya ce katafila ba ta shiga gonar nan yana numfashi. Don shi ne anka ɓoye ranar."

Sufyanu yana zaure yana karɓar gaisuwa. Dogo ne, ƙasusuwan fuska a waje, hannuwansa duk kanta. Ya miƙe ya ba Sufeto wuri.

"Yaushe rabonka da ƙanenka?"

"Tun sallar azumi, a masallaci."

"Ka san yau zai tafi?"

"Alhamis na ji, kamar kowa."

"Ina kake da safe?"

"Ina ramin zinare tun asuba. Can anka iske ni da labari."

"An ce ba ka son zancen kamfanin nan."

"Ba ni so. Rashin so laifi ne?"

"Ba laifi ba ne. Me kake gani game da Bafulatanin da aka kama?"

Sufyanu ya dubi tabarma. "Allah ya san gaskiya."

Sauran mazan zauren duk sun ce a kashe. Shi kaɗai bai ce ba. Sufeto ya riƙe wannan a ransa, amma ba a kai mutum kotu don ya yi shiru.

Ana kiran azahar ya isa tashar Anka. Sambo ɗan kamasho yana kan benci yana cin gyaɗa.

"Mamuda? Allah Sarki! Yallaɓai, sau huɗu ya zo nan. Yana tambayata ko a Abuja ana yi wa mutane sallama ko sai an yi Turanci. Na ce kai dai riƙe aljihunka, sallama kyauta ce. Jiya ya kawo dardumarsa ya shimfiɗa a kujerar gaba, ya ce kada in gaya wa kowa."

"Yau fa?"

"Mota ta cika tun shida da rabi, sai shi. Fasinja sun kusa cinye ni ɗanye. Wata tsohuwa har uwata ta ambata. Na buga wayarsa sau biyar, shiru."

"Sai ka sallami mota?"

"Haba, ina ni ina sayar da kujerar da mutum ya shimfiɗa darduma? Sai da izini. Na kira wansa."

"Sufyanu?"

"Shi. In ba ka samu mutum ba ai babban gida kake kira."

"Me ya ce?"

"Ya ce, ku tafi, ba shi zuwa. Ya kashe."

"Bai tambaye ka wace tafiya ba? Bai ce ai sai gobe ba?"

Sambo ya daina tauna. Ya zaro wayar ya miƙa ba tare da an roƙa ba. Bakwai saura minti takwas aka yi kiran. Dikko bai ga gawar ba sai wajen tara.

Abu ɗaya ya rage wa Sufeto. Mutumin da ya ɓoye ranar tafiyarsa wata guda, me ya kai shi hannun wanda yake ɓoye wa?

Ya koma Tungar Gawo, ya nemi iso wurin mahaifiyarsu. Tsohuwar tana ɗakinta ita kaɗai da carbi. Ya cire hula ya durƙusa.

"Inna, Mamuda ya zo miki sallama?"

"Bayan asuba. Na sa mai albarka."

"Daga nan ina ya nufa?"

"Tasha mana."

"Inna, akwai dattijo a bayan kanta, yana da 'ya'ya. In aka idar da la'asar ban zo da gaskiya ba, ni da mutum shida ba mu iya tare garin nan."

Carbin ya tsaya a hannunta.

"Ni na aike shi," ta ce. "Na ce ba a tafiya mai nisa da gaba a ciki. Ubanku ya rasu, wanda ya tsaya a madadinsa shina nan, ba ka taka mota sai ka je ka durƙusa ka nemi gafara. Ya ce Inna zan makara. Na ce ko ka makara."

"Wurin wa kika aike shi?"

Ɗan fari ne. Shekara arba'in da wani abu ba ta taɓa kama sunansa ba, yau ma ba ta kama ba.

"Wurin babban," ta ce, ta juya fuskarta ga bango.

Sufeto ya iske mazan ƙauyen a maƙabarta, gawar tana cikin makara an riga an yi mata sutura. Bilyaminu da mutanensa sun jingine bindigogi a gindin itace. Sufyanu ne a cikin kabarin, ya karɓe digar daga hannun masu haƙa, ya hana kowa taya shi. Ramin ya kai masa ƙugu.

Sufeto ya tsuguna a bakin ramin, ya yi ƙasa da murya.

"Malam Sufyanu, bakwai saura ka ce wa Sambo ƙanenka ba ya zuwa. Wa ya gaya maka?"

Digar ta sauka sau biyu.

"Inna ta ce ita ta turo shi wurinka."

Sufyanu ya ajiye digar. Ya share fuska da gefen riga, ya ɗaga kai ya dubi Bilyaminu, ba Sufeto ba.

"Ku ƙyale Bafulatanin can. Ni ne."

Babu wanda ya motsa.

"Ya zo ya durƙusa mani, ya ce Yaya ka yafe ni, zan tafi. Na ce tashi in raka ka. Na ɗauke shi a mashin, na bi da shi ta gona. Na ce dube su. Ma'u, Fatiha, Khairat, ga taka Lubabatu. Da hannuna na niƙa dutsen da ya kashe su, a tsakar gidana, ban sani ba. Yanzu kuma da sanina in bari ƙarfe ya tone su? Ya duba agogo. Wallahi agogon nan da ya duba. Ya ce Yaya tsaya ka ji, ya sa hannu a aljihu zai ciro wata takarda. Na ce ba ni ganin takardar kowa. Ya juya zai hau mashin, dutse na hannuna."

"Jakarsa fa?"

"Tana cikin tsohon rami, da wayar da takardar. Na so a ce ɓarayi ne. Na yi nisa, na waiwayo, na gan shi kife, rana za ta fito mai. Ƙanena ne. Na dawo na gyara shi."

Kwalin sukarin, ɗan'uwan wanda Mamuda ya so cirowa, yana aljihun Sufeto. Ya ɗora hannu a kai, ya dubi mutumin da ke tsaye cikin kabarin ƙanensa, ya bar shi a inda yake. Alƙali zai karanta masa, wannan ya isa.

"Yallaɓai, ka bari in sa shi a rami."

Liman ya dubi Sufeto. Sufeto ya gyaɗa kai. Aka yi salla, Sufyanu ya karɓi kan gawar ya kwantar, ya fito ya miƙa hannuwansa duk laka. Kofur Nafi'u ya sa ankwa. Har suka kai mota ba wanda ya jefe shi.

A ofis aka buɗe bayan kanta, aka fito da Dikko, aka shigar da Sufyanu. Sun haɗu a ƙofa. Sufyanu ya buɗe baki, Dikko ya wuce bai tsaya ba.

"Malam Dikko, ba ka da laifi. Za a kai ka asibiti a duba idon."

"Ido ya jira, ranka ya daɗe. Ina shanuna? Talatin da ɗaya na bari a burtali lokacin da sunka ɗaure ni."

Sufeto ya dubi Kofur. Kofur ya ce tun da hantsi babu saniya ko ɗaya a wurin, kuma duk wanda ya tambaya a ƙauyen ya ce bai ga komai ba.

Sufeto Lirwanu ya jawo kujera, ya ce dattijon ya zauna.

"Faɗa mini kamanninsu, ɗaya bayan ɗaya."